Motar haya daga Fas zuwa Ifran cikin dusar ƙanƙara: direban ya ci kuɗinsa, dillalin kuwa sai a hankali

Tun ranar da Hajiya ta sa hoton nan a WhatsApp, wanda Kawu ke tsaye cikin farin fili da rawani biyu a kansa, ban huta da tambaya ba. Wanda ya zo sayen taya a shagona sai ya tambaya, wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaya, masu shirin ziyarar Fas ta ƙasar Maroko kuma suna son sanin nawa muka biya, wa ya kai mu, kuma ko abin ya ci kuɗinsa. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in samu in yi ciniki.

Bari in fara da faɗin ko ni wane ne, don a san da wane ido na kalli aikin. Shekara 19 na yi ina jan mota tsakanin Garwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, tun daga Hiace har babbar bas, kafin bayana ya ce ya gaji na koma sayar da taya. Gangaren Mbe na san shi kamar yunwar cikina. Saboda haka in na shiga motar wani, mutane na kallon taga, ni ƙafar direba nake kallo.

Mu biyar ne. Ni, Hajiya, Kawu yayan mahaifiyata wanda ya haura 70, ɗansa da ke karatu a can Fas, sai wani bawan Allah ɗan Injamena da muka haɗu da shi a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani muka saba, har muka riƙa cin abinci tare. Ziyara ce ta kai mu, ƙarshen Janairun 2023, ba yawon buɗe ido ba. A kwana na biyar yaron nan ya shigo masauki yana cewa dusar ƙanƙara ta zuba a duwatsun Ifran, kuma wajen bai fi tafiyar kilomita 65 ba. Ni na yi shiru. Kawu ne, wanda nake zaton zai ce a bari, ya ce shi kam yana son gani.

Tsohon garin Fas mota ba ta shiga, lunguna ne sai alfadari da amalanke, ƙananan tasi ja na cikin gari kuma doka ba ta ba su damar fita waje ba. Don haka duk baƙon da ke son motar yini ɗaya, ta hannun wani zai bi. Namu dillalin kullum yana bakin ƙofar masauki, mai fara'a, Faransancinsa kamar ruwa. Ya nuna mini hoton wata baƙar Marsandi doguwa a wayarsa, mai kujerun fata. Ya ce dirhami 900 yini guda, mai da kuɗin direba duk a ciki. A lokacin dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne, ka ga kusan sefa 54,000 ke nan, mu biyar. Ya lissafa mini wuraren: Imuzar, wani tafki mai kwale-kwale, Ifran, dutsen Mishlifan, dajin birai, Azru, sannan a dawo da mu kafin magariba. Na tambaye shi batun tufafi, ya dubi jaket ɗin gwanjon da na saya a babbar kasuwar Garwa ya ce wannan ma ta yi yawa. Na ba shi 300 kafin alƙalami.

A lokacin agogonsu da namu ɗaya ne, amma ranarsu malalaciya ce a wannan wata. Asuba sai wajen ƙarfe 7, rana ba ta leƙowa sai 8 ta gota. Muka fito dandalin Rasif 8:30 kamar yadda aka yi alkawari, muka tsaya bakinmu na fitar da tururi. Sai 9:15 mota ta zo, kuma ba Marsandi ba ce. Dacia Lodgy ce fara, irin wadda ta cika tashoshinsu, ta sha hanya. Na kira dillali, waya a kashe. Kawu ya ce, “Ɗan nan, mota dai mota ce, mu shiga.” Na ce, “Kawu, a ba ni minti biyu.”

Na zagaya tayoyin. Ga wanda bai sani ba, kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe: lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na gaba biyu 'yan 2022 ne, zanensu da zurfi, kuma da alamar M+S, wato an yi su don laka da dusar ƙanƙara. Ta baya ta dama ba laifi. Ta baya ta hagu 'yar 2016 ce, gefenta ya fara tsagewa kamar diddigen manomi da hunturu. Robar taya irin tamu ta ƙasar zafi, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 sai ta sandare ta daina kama kwalta, balle wadda ta tsufa. Direban yana tsaye yana kallona, bai ji haushi ba. Na tambaye shi sarƙa. Bai ce komai ba ya buɗe but: sarƙar taya guda biyu, shebur, bargo biyu, jarkar ruwa naɗe cikin tsumma. Nan hankalina ya ɗan kwanta. Wanda ya sa shebur a but ya taɓa kwana a hanya.

Mutum ne mai kimanin shekara 50, Ba'amazige, wato daga asalin mutanen ƙasar masu yarensu daban da Larabci, ɗan ƙauyukan Azru, ba shi da yawan surutu sai an taɓo ƙwallo. Da ya ji daga Kamaru muke sai ya washe baki, ya ce 'yan ƙwallon ƙasarsu, Zakunan Atlas, sun kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a Katar, namu zakunan fa? Na ce namu sun ci Brazil, kuma wanda ya ci ƙwallon, Vincent Aboubakar, a Coton Sport ta garinmu ya taso. Na kuma tuna masa 1988, da muka zo har gidansu muka fitar da su muka ɗauke kofin Afirka a Kasablanka. Ya yi dariya ya ce shi lokacin yana kiwon tumaki, bai gani ba, don haka ba ta faru ba.

Daga Fas fili ne shimfiɗaɗɗe da gonakin zaitun, sannan hanya ta fara hawa tana lanƙwasa har Imuzar, garin tuffa. Nan ya tsaya da mu a wata 'yar rumfa da direbobi ke karyawa, muka sha bisara, wato wake ne irin nasu mai faɗi aka dafa ya narke kamar kunu, aka zuba man zaitun da yaji, ana dangwala da burodi mai zafi. Kuɗin mu shida bai kai dirhami 60 ba. Ku riƙe wannan lissafin, zan dawo kansa.

Aibin motar na farko a nan ya bayyana. Gilashin baya na hagu ba ya rufuwa ruf, an cusa kwali a tsagar. Mu na gaba hita tana gasa mana ƙafa, ɗan Injamena da ke kujerar can baya iska tana yankar kunnensa. Bai yi magana ba don kara, sai da na waiga na ga haƙoransa na haɗuwa. Direba ya miƙa masa bargo ɗaya, ɗayan aka rufa wa Kawu.

Tafkin nan mai kwale-kwale, Dayat Awa, direban ya gaya mana tun kafin mu kai mahaɗar cewa babu ruwa. Ya ce shekarun fari ne suka haɗu da rijiyoyin masu gonar tuffa. Ya ce in muna so zai kai mu, tunda an rubuta masa a takarda, amma ba ya son mu ce ya ɓoye. Muka je muka ga wani ƙaton kwari fari fat, babu ko ɗigo. Ɗan Injamena ya leƙo daga cikin bargo ya ce shi ya san wannan labarin tun daga gida, daga tafkin Cadi. Minti goma muka juya. Dillalin ya san tafkin ya ƙafe, ya sayar mana da shi da ruwansa.

Dusar ƙanƙarar ba lokaci ɗaya take tarar mutum ba. Da farko ɗai-ɗai ce a gindin duwatsu da gefen kwalta, kamar audugar da ke zubowa daga manyan motocin Sodecoton lokacin kaka. Can sai ta haɗe, sai ka nemi ƙasa ka rasa. Itatuwa sun sunkuya da nauyinta, shiru ya rufe ko'ina, har ƙarar injin ta canja. Hajiya sai salati take yi. Kawu bai ce uffan ba har wani lokaci mai tsawo, sannan ya ce a tsaya. Ya fita, ya duƙa, ya ɗebo da hannu biyu yana kallo. Ya ce shekara hamsin yana yi wa mamata salla yana roƙon Allah Ya wanke su da ruwa da salju da baradu, yana fassara wa almajirai baradu da ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farkon damina, salju kuwa sai ya ce musu ita ma wata ƙanƙara ce ya wuce. “Ashe ga shi nan,” in ji shi. “Ashe laushi gare shi.” Direban bai ji Hausa ba, amma ya kashe mota ya jira, bai danna ham ba, bai dubi agogo ba. Wannan kaɗai ya biya ni wani abu daga cikin 900 ɗin nan.

Yanzu batun tuƙi, wanda shi ne ainihin abin da mutum ke saya. Mu da muka yi tuƙin damina mun san laka. Laka tana yi maka sallama kafin ta kama ka: za ka ji sitiyari ya yi nauyi, bayan mota ya fara rawa, kana da lokacin gyarawa. Ƙanƙara ba ta sallama. Inda ta fi mugunta ma ba inda ta yi fari ba ne, inda kwalta ta yi baƙi tana sheƙi ne kamar an zuba ruwa, a kwanar da inuwar itatuwa ta hana rana isa. Mutumin nan ya san kowace inuwa a hanyar. Tun kafin kwana yake sauke giya, yana shiga kwanar ƙafarsa ba ta kan birki ba ta kan totur sosai, sitiyari kuma a hankali yake juya shi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. In ya tsaya a hawa, da giya ta biyu yake tashi, ba ta ɗaya ba, don kada taya ta yi ta juyi a banza tana goge wajen ya ƙara santsi. Tazarar da yake bari tsakaninsa da na gaba ta kai a jera bas uku, kuma in wani ya kutsa cikin tazarar, ja baya yake yi ya sake buɗe ta, ba zagi ba tsaki. Sau biyu a miƙaƙƙiyar hanya, da ya ga babu kowa a bayansa, na ga ya ɗan taɓa birki. Na gane gwada kamun ƙasa yake yi. Na ce masa haka nake yi a gangaren Mbe bayan ruwan farko. Daga nan ya daina ce mini “Lhaj”, ya koma ce mini “mu'allim”, wato gwanin sana'a.

Ifran kanta gari ce da za ta ruɗa ka. Faransawa suka gina ta a 1929 don su riƙa guje wa zafin bazara, a tudun da ya kai mita 1,650, wato ta ɗara Ngaundare da mita ɗari biyar da wani abu. Rufin gidajen jan tayil ne mai tsini don dusar ta zame, a kan bututun hayaƙi kuma ga manyan sheƙunan shamuwa irin tasu fara. Akwai fadar sarki, akwai Jami'ar Al Akhawayn da aka buɗe a 1995 wadda ake karatu da Ingilishi a cikinta. Yaron Kawu ya ce a nan aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, cikin Fabrairun 1935. Na tuna yadda a Garwa in hunturu ya sauko 16 sai ka ga 'yan acaba da hular sanyi da safar hannu ana ta hura wuta a bakin titi. A tsakiyar gari akwai zakin dutse da kowa ke layi don ɗaukar hoto da shi, tunawa da zakin Atlas da ya ƙare a daji. Mu da ke da zakuna masu rai a Waza da dajin Binuwai ba mu bi layin ba.

Kuskurena ɗaya, kuma nawa ne ba na kowa ba: na yarda muka je ranar Lahadi. Duk mutanen Rabat da Kasablanka da Miknas da suka ji an yi dusa sun kwaso iyali sun taho. Wajen ajiye mota ya zama abin faɗa.

A hanyar Mishlifan muka tarar an sauke shinge. Suna da irin wannan a hanyoyin dutse, ƙarfe ne ja da fari, jandarmomi na tsaye, ba mai wucewa sai motar share hanya ta gama aikinta. Minti 50 muka yi. Direban bai ɓata lokacin ba, ya fito da sarƙa ya ɗaura a tayoyin gaba, tunda su ke jan motar. Na duba agogo, minti tara, da hannu tsirara cikin wannan sanyi. Ya ja mita kaɗan ya sauko ya ƙara ɗaure su. Da aka ɗaga shinge, wani matashi da ƙatuwar jif baƙa ya yanko mu ta hagu yana watsa mana dusa a gilashi. Ba mu yi kilomita uku ba muka same shi, hancin motar cikin rami, iyalinsa na tsaye a gefe lafiya lau suna rawar ɗari. Direbanmu ya ce mota mai jan taya huɗu tana taimakonka wajen tashi, wajen tsayawa kuwa kowa taya huɗu gare shi. Ya tsaya ya ba su aron shebur, ya karɓa da muka dawo.

Mishlifan wani ƙaton kwano ne, bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, a tudun kusan mita 2,000, itatuwa sun kewaye shi. Kana buɗe ƙofar mota samari za su yanyame ka, wannan da takalmin roba na haya, wannan da katakon sulu da aka yi masa ƙafafun ƙarfe, wancan da shayi a buta. Suka ce mana dirhami 100 kowane katako. Direban ya yi musu magana da yarensu, jimla biyu, kuɗi ya dawo 30. Takalma 20. Ba ya cikin aikinsa, kuma bai karɓi ko sisi a kai ba, don ina tsaye ina kallon hannuwa.

A nan maganar dillali ta “wannan ma ta yi yawa” ta fito fili. Jaket ba ita ce matsalar ba. Ƙafa ce da hannu da kunne. Hajiya da takalmin fita biki ta zo, da safa ɗaya. Cikin minti goma dusa ta narke ta jiƙa safar, yatsunta suka daina jin komai. Direban ya sa aka sayo safa busassu, ya nuna mata dabarar makiyayansu: safa, sannan leda, sannan wata safar, sannan takalmin roba. Da ƙafa ta dawo, matar nan da ko babur ba ta yarda ta hau a Garwa, sai ga ta kan katako tana gangarowa tana kiran sunan Allah, mayafi na tashi. Ta sauko ta ce, “Alhaji, a ƙara biyan yaron, sau ɗaya bai isa ba.” Ni sau ɗaya na gwada, na ƙare da baya a ƙasa, kuma bayan nan dama da tsohon ciwonsa. Wani abin da ba wanda ya gaya mana shi ne hasken. Rana in ta bugi farin nan tana dawowa cikin ido, har hawaye. Kawu ya ja rawani ya rufe fuska saura 'yar tsaga. Wayoyinmu kuma, masu caji fiye da rabi, biyu suka mutu don sanyi, sai da aka sa su cikin aljihun ciki suka farfaɗo.

Da azahar ta yi na fara tunanin alwala. Yaron Kawu ya kawo zancen taimama, Kawu ya harare shi. Ashe jarkar nan da ke naɗe cikin tsumma ruwan zafi ne direban ya cika tun daga gida, har lokacin da sauran ɗuminsa. Ya shimfiɗa tabarmar roba a gefen mota inda iska ba ta bugowa, Kawu ya ja mu, shi ma ya bi sahu. Duk mai ɗauko tsoho zuwa wajen nan ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

Daga nan muka gangara cikin dajin arzu, itatuwa masu tsayin da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. Yankin duka gandun gwamnati ne tun 2004. Biran wajen ba irin gwaggon birin da ke tare hanya a dajin Binuwai ba ne. Waɗannan gashinsu kauri gare shi kamar bargo, ba su da wutsiya, kuma a duniya ba a samunsu a sake sai a Maroko da Aljeriya da dutsen Jibralta. Sun ragu ƙwarai. An kafa alluna kada a ba su abinci, a gindin allon kuma ga mai sayar da gyaɗa don a ba su. Direban ya ce mu riƙe jakunkuna da kyau. Kawu ya ciro goro zai ɓare, wani ƙato ya diro ya fizge, ya hau reshe, ya gatsa, ya yamutsa fuska ya tofar. Kawu ya ce goron da ya taho da shi tun daga gida, saura uku, an ba wanda bai san darajarsa ba.

Akwai wani babban itace a wajen da ya bushe shekaru da dama amma yana tsaye, ana ce masa itacen Guro, da sunan janar ɗin Faransa Henri Gouraud. Masu dawakai da sirdi mai ado sun kewaye shi suna neman mai hawa. Ɗan Injamena da ya karanta allon ya yi tsaki, ya ce ai wannan shi ne ya kama Samori Ture, sarkin da ya yaƙi Faransawa a yammacin Afirka, a 1898, ya kuma yi mulkin soja a Cadi farkon ƙarnin da ya wuce, ashe har nan ma ya bar suna. Ya ƙi tsayawa a hoton.

To, inda aka ɓata mini rai. Mun iso Azru wajen 3:30 da yunwa. Sunan garin da yarensu dutse ne, kuma ga dutsen nan a tsakiyar gari an ɗora masa kambi. Na ce a kai mu irin rumfar safe. Direban ya sunkuyar da kai ya ce an riga an shirya mana wuri. Wani gidan abinci ne mai labule da kujerun ƙawa, babu ɗan gari ko ɗaya a ciki, babu farashi a rubuce. Tajin ɗin kaza, wato dahuwarsu ta cikin kaskon ƙasa, ya zo da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba, dankali ya fi naman yawa, kifin ruwan sanyi da ake yabon garin da shi suka ce ya ƙare. Takarda ta zo: dirhami 150 kowane mutum, shayi daban. Mu biyar 800, kusan kuɗin motar gaba ɗaya. Ku tuna bisarar safe. Muna fitowa kuma aka tsaya da mu a shagon darduma, wai kallo kawai. Dardumomin suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba, farin ulu da baƙin zane, saƙar hannu. Amma an kawo shayi, an warware ɗaya, an warware goma, Bahaushe kuma da kunya, ba ka iya tashi ka bar mutum yana ta ɗawainiya. Minti 45 suka tafi, Hajiya ta fito da 'yar ƙarama da ba mu yi niyya ba.

A mota na tambaye shi kai tsaye, direba da direba. Bai yi musu ba. Ya ce wuraren nan biyu dillali ne ke da la'ada a kansu, in bai tsaya ba gobe ba za a ba shi fasinja ba. Cikin 900 ɗin kuma 550 ce tasa, a ciki zai sha mai. Na yi lissafi a zuci: tafiyar ta kusa kilomita 200 zuwa da dawowa, ga lalacewar mota, ga yini guda cur. Na daina mamakin kwalin da ke gilashi da tayar 2016.

Kuɗin abincin bai dame ni kamar lokacin ba. Awa biyun nan da aka ci mana su ne na hasken rana. Magariba ta same mu muna barin Ifran, kuma duk abin da rana ta narkar da yini, dare yana mayar da shi ƙanƙara. Ga jerin motocin 'yan Lahadi kowa na sauri ya koma gida, jan wutar birki tun daga sama har ƙasa. Nan na ga gwanintar da ta fi ta safe. Da giya ta biyu da ta uku ya sauko da mu, injin ne ke riƙe motar. A wata kwana kafin Imuzar na ji bayan motar ya ɗan goce, daidai ɓangaren tsohuwar tayar nan. Bai taka birki ba, ya ɗan bi ta da sitiyari, ta dawo. Na baya ba wanda ya sani, Kawu ma yana jan carbi yana gyangyaɗi. Ni da shi muka dubi juna, ba wanda ya ce komai. Ƙarfe 8:40 muka sauka a Rasif, ba kafin magariba ba.

Masu tambayata ko su je, ku je, amma ranar aiki, ba Asabar ko Lahadi ba, kuma ku bar Fas da zarar gari ya waye don ku juyo tun la'asar. Ku nemi direba da kanku a tashar manyan tasi ko ta hannun ɗaliban da ke can, ku ga motar da idonku kafin ku ba da ko dirhami ɗaya, ku ce a buɗe but. Ku faɗa tun farko cewa ku za ku zaɓi inda za ku ci, kuma ba shago. Safa uku-uku, safar hannu, hula mai rufe kunne, baƙin tabarau, duk suna da araha a kasuwar Fas, sun fi araha a can fiye da kan dutse. Dillalin namu da na same shi washegari ya rantse Marsandin ce ta lalace da asuba. Ban ja ba, na dai hana shi kai mu Miknas da ya riga ya sa rai.

Shi kuwa direban, da muka sauka na cika masa 600 ɗin da suka rage, na ƙara masa 200 a hannunsa, na ce wannan ba ta shayi ba ce, ta tayar hagu ce. Ya yi dariya ya ce mu'allim ya cika naci. Muka yi musayar lamba. Bayan mako uku ina shago a Garwa, zafi ya fara dawowa, sai ga hoto ya shigo wayata, babu gaisuwa babu rubutu, gefen taya ne kawai an matso da kyamara kusa. Na sa tabarau na karanta: 4122.